Lamba Hamsin a Hanyar Dumega

Tun da na komo daga Argungu ban sha kofi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin tasha sai wani ya matso ya ce, "Gado, wai mi ya hwaru ga hanya?" In na ba da rabin labarin, gobe in ji shi a bakin wani ya yi ƙafafu har da ƙaho. Jiya aka ce mini wai motata ta tashi sama ta ƙetare Tibiri. Ba ta tashi ba. Don haka bari in faɗe shi daga farko yadda na gan shi, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ni sufer ne, a soja na koyi tuƙi. Ina jan kamyonet ɗin wani attajiri a nan Dogon Dutsi, tsohuwar motar soja da ya saya a gwanjo a Yamai bayan babban yaƙi. Ta sha duniya. In ta tashi da safe sai ta cika unguwa da shuɗin hayaƙi, amma ba ta taɓa kwana da ni a daji ba.

Ana tsakiyar bazara wani falke ya kawo mana saƙo. Wana Tankari, da ya tafi cin rani Argungu yana aikin jima, yana kwance, kuma in muna son ganinsa da rai mu hanzarta. Maigidana bai ja magana ba, ya ce in ɗauki mota. Dije matar Tankari, 'yar Geceme, ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta ce ƙafata ƙafarta. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Ita tana ce mini maigida ƙarami, ni ina ce mata matar yaya, ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna da baki ba.

Kafin mu tashi na biya garaj wurin Baba Sumana don a sake baƙin mai. Bazabarme ne, tsohon soja, shi ke duba motocin garin nan duka. Ya zaro sandar awon mai, ya murza abin da ke jikinta tsakanin yatsunsa, ya sunsuna.

"Fofo, Gado. Ina za ka da tsohuwar nan cikin wannan wuta?"

Na gaya masa. Ya dubi gwangwanayen da ke jere a bango.

Ga wanda bai sani ba, baƙin mai lamba-lamba ne. Lamba ashirin tsinkakke ne kamar ruwan koko, talatin ya fi shi jiki, arba'in ya fi talatin, hamsin kuwa in ka tsoma tsinke sai ya biyo shi kamar zuma. Kowane iri in ya ji zafi tsinkewa yake yi, in ya ji sanyi ya daskare. Sabon inji da ƙarafansa ke manne da juna, mai kauri ba ya ratsa shi da wuri, marar kauri yake so. Tsohon inji da ya riga ya cinye kansa, shi kuma in ka ba shi tsinkakke cikin zafi sai ya zurare ta ko'ina, ƙarfe ya koma cin ƙarfe.

"Hamsin take so," in ji Baba Sumana. "Ko arba'in. Amma motocin gyaɗa sun shanye mini su kaf, sai an kawo daga Dosso. Talatin nake da shi. Zai kai ka in ka bi shi da hankali. Ka yi tafiyar safe, rana in ta take ka nemi inuwa. Idonka a kan allurar agogon mai. In ta kwanta, kashe inji, ko a gaban wa kake."

Niyyata ke nan, amma takardar ƙetare iyaka, lasefase, ta riƙe mu. Kumandan ya fita rangadi, mai buga hatimi ya tafi suna, gardin bakin ƙofa kuma bai san komai ba sai "a jira". Ba mu samu takarda ba sai washegari da hantsi. Bayan Kiyeshe kuma muka kafe a yashi. Wasu manoma da ke sassabe suka zo suka tura mu, Dije na zaune a gaba tana ba da umarni kamar matar kumandan.

"Maigida ƙarami, in dai wagga ta mota, gara jakin babana."

"Sauka ki hau shi, matar yaya, mu gamu Argungu baɗi."

Dariyarmu ta ƙarshe ke nan a tafiyar.

A Tibiri muka sha fura a tsaye. Da na bi ta kaina da na zauna har la'asar, amma Dije ta dube ni, na dube ta, kowa ya tuna abin da falke ya ce. Muka wuce.

Tsakanin Tibiri da Dumega akwai wani wuri da hanya ke sauka cikin kwari, yashi fari mai zurfi, ba gona ba bukka. Rana tana tsaka muka shiga shi. Ina kallon allura tana sauka a hankali, a hankali, har ta kwanta. Gefen hanya akwai wani babban gawo shi kaɗai. Na karkata na shiga inuwarsa na kashe inji.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Kun san gindin gawo da bazara, awaki na tsintar 'ya'yansa, kurciya na kuka, ƙudaje sun dame ka. A nan 'ya'yan gawo sun zuba jibgi guda, ba abin da ya taɓa su. Ko ƙuda ɗaya bai sauka a kaina ba. Ƙarfen inji kawai ke ƙas-ƙas yana hucewa.

Na buɗe gaban mota ina fifita ta da hulata. Da na ɗago sai ga mace tsaye kusa da ni. Ban ji tahowarta ba, alhali wurin fili ne, kana hango mutum tun daga nesa. Doguwa ce, fara, da shigar matan Fulani, ƙwarya a ka. Bayanta wata farar saniya, ƙatuwa, da gyambo a doro.

Na yi mata sallama. Ba ta amsa ba.

"Wa za ku ɗauko?" ta ce.

Hausarta ba irin ta Fulanin da muke ciniki da su ba ce. Irin ta kakata ce, wadda rabon da in ji ta tun ina yaro. Na ce wana ne ba shi da lafiya. Ta gyaɗa kai kamar na ba da amsa daidai.

"Ba ni mai in shahwa wa saniyata."

Wannan ba baƙon roƙo ba ne, makiyaya kan tare mu a hanya su nemi baƙin mai don gyambo ko ƙazuwar dabba. Na ɗauko gwangwanin da na yi guzuri. Ta kau da kai.

"Ba wanga ba. Na ciki, wanda ya sha wuta."

Ban san abin da ya hana ni musu ba. Na shiga ƙarƙashin mota da tsumma a hannu, na sassauta ƙusar da ke toshe mai kaɗan. Man ya tsarto yana tururi, ɗigo ɗaya ya taɓa mini wuyan hannu, ga tabon nan har yau. Ina neman abin tara sai na ga hannunta ya shigo ƙarƙashin motar, tafi a buɗe. Man ya cika tafin. Yatsunta ko motsi ba su yi ba.

Na ɗaure ƙusa na fito. Tana tsaye tana karkata hannun, man na yawo a ciki kamar ruwa.

"Ya tsinke," ta ce. "Ba ya riƙe komi."

Ta shafa wa saniyar. Sannan ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai. Nono ne sabo, kuma daga inda nake ina jin sanyinsa a fuskata, cikin ranar da ko ruwan salka ya yi ɗumi. Maƙogwarona ya motsa. Sai na ji Dije ta damƙi bayan rigata. Ban san lokacin da ta sauko ba.

"Mun gode, baiwar Allah," ta ce. "Yanzu munka sha hura Tibiri."

Matar ta daɗe tana kallon Dije. Ta mayar da faifai.

"Ba komi. Na aje ma wanda za ku ɗauko, ya daɗe da ƙishirwa. Nan za ku tsaya in kun komo. Motarku ba ta wuce wurin ga da rana."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi bayan gawon, saniya na biye. Ban leƙa in ga inda suka nufa ba. Na ƙara mai daga gwangwani, na ɗauko manibel, wato ƙarfen da muke murɗa inji da shi, na tayar da mota tun ba ta gama hucewa ba. Muka kama hanyar Dumega.

A Dumega muka sauka gidan wani dattijon Bafulatani, Baffa Jaɓɓo, wanda ke riƙe wa maigidana shanu. Mutum ne mai carbi da yawan shiru. Aka kai Dije cikin mata, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu yana ninkaya a kai. Bayan sallar magariba na ba shi labari. Ina tsammanin zai yi dariya, ko ya ce ai wance ce matar wane. Sai ya ajiye carbinsa.

"Kun sha?"

"Ba mu sha ba, Baffa."

"Alhamdu lillahi. Man fa, kai ka ba ta, ko ita ta ɗauka?"

Na ce ni na kwance ƙusa, ita ta tara hannu. Sai ya ce:

"Da can gawo biyu ne a wurin. Zamanin aikin dole, da aka zo yanka hanya, aka sa mutane suka sare ɗaya. Tun daga nan mu ba mu kiwo a kwarin, ko fari ake yi. Ni musulmi ne, ɗana, ban san komai a kan waɗannan abubuwa ba, ban kuma son in sani. Amma in za ka koma, ka bi da sassafe."

Washegari muka isa iyaka. A ɓangarenmu ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya juya lasefase gaba da baya, ya kwance ƙunshin Dije, ya ɗanɗani kopto, kwaɗon ganyen da matan Baffa suka yi mata guzuri, ya ce ya yi yaji. A ɓangaren Ingilishi kuwa gora ce kawai aka gitta, da wani ɗan doka mai jar hula yana gyangyaɗi. Ya dubi lambar motata ya ce, "Bafaranshe, ka san dai nan hagu ake bi?" Na ce na sani. A kai na sani, hannuwana ba su sani ba. Ba mu yi nisa ba wata babbar mota ta taho, na kauce dama, shi ma ya kauce wajen, muka tsaya hanci da hanci. Direban ya leƙo ya wanke ni tas. Rabin zagin ban gane shi ba, don su komai na mota da sunansa dabam. Ni sufer, shi direba. Mai da muke awo da litir, su da galan.

Argungu gari ne na ruwa. Mu da muka saba jan guga har hannu ya yi kanta, sai ga mutane na wanka a gulbi suna zubar da ruwa kamar ba a bakin komai ba. Kifi ko'ina, har iskar garin ƙarninsa take. Fatoman da Tankari ke zaune a gidansa, wani Bakabe mai fara'a, ya kawo mana tuwon shinkafa da kan kifin da ya fi tafin hannuna. Da safe kuma shayi suke sha da madarar gwangwani, da burodi mai kusurwa huɗu mai zaƙi, ba dogo irin namu ba. Na nemi kofi aka yi ta kallona.

Amma ba abinci ya kai mu ba. Da aka ɗaga labulen ɗakin, ban gane wana ba. Tankari da ke ɗaukar buhun gero a kafaɗa ɗaya ya koma kamar itacen da aka jingine. Leɓunansa sun tsage. Dije ta durƙusa ta tallafi kansa ta kai masa moɗa baki, ya kau da kai.

"Haka yake yi," in ji fatoma. "An kai shi asibiti an ba shi ƙwayoyi, malamai sun yi rubutu. Ruwa sai mun ɗura masa da ƙarfi. Nono kawai yake kira, in an kawo kuma ya sunsuna ya ce ba shi ba ne."

Tankari ya buɗe ido ya dube ni.

"Gado. Ta ce ta aje mini."

Na dubi Dije. Ba ta gaya masa komai ba, tare muka shigo.

Na fita na zauna a gindin bango. Ni ba malami ba ne, ba ni da bori, ban san yadda ake roƙon irin waɗannan ba. Abu ɗaya ta faɗa da ya shafi sana'ata. Ta ce motata ba ta wuce wurin da rana. Na tashi na nufi kasuwa.

Wani Bayarabe ke da shagon kayan mota, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Na ce baƙin mai nake so, mafi kauri.

"Sayi arba'in, aboki. Arba'in ya isa kowace mota a ƙasar nan. Hamsin na manyan motoci ne, da safe zai karya maka hannu."

Na ce ya ba ni kaɗan-kaɗan daga kowanne a murfin gwangwani. Na jera su a kan ƙarfen gaban motata da rana ta gasa, na jira har suka yi zafin da yatsa ba ya jurewa, sannan na tsoma ƙusa ina ɗagawa. Talatin ya zube tsurut. Arba'in ya ɗiga da sauri. Hamsin ya tsaya a bakin ƙusar, ya yi ƙwallo, ya ja zare kafin ya faɗi. Na san abin da zai ja mini. Da safe zai yi nauyin hawa, kuma kafin ya kai saman inji ƙarafan za su ɗan gogi juna a bushe. Amma ba safiya nake tsoro ba. Na juye talatin ɗin kaf, na bar shi ya tsane, na cika ta da hamsin.

Bayaraben bai yi ƙarya ba. Da asuba iskar gulbi ta sanyaya garin, na kama manibel na danna, kamar ina murɗa dutse. Na hau shi da ƙafa, ya dawo ya doke ni a ƙwauri. Sai da matar fatoma ta kawo garwashi a kasko muka tura ƙarƙashin inji, masunta masu wucewa suka taru suna ba da shawara, wani na cewa motar Faransi ba ta jin Hausa. Daga baya su suka tura ta har ta kama. Kafin nan rana ta fito. Muka shimfiɗa wa Tankari katifar ciyawa a baya, muka yi masa rumfa da tabarma, Dije ta zauna kusa da shi.

A iyaka muka tarar da ayarin jakuna masu goro, ɗan duwan na kwance kaya ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe shi ya dubi marar lafiya, ya leƙa, ya ce layi layi ne. Da muka shiga Dumega inuwar mutum ta kusa komawa ƙarƙashin ƙafarsa.

Baffa Jaɓɓo ya fito ya dubi Tankari, ya dubi gabas. Ni ma na duba. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, na farkon shekara. Iska ta tsaya cak, zafi ya ninka.

"Ku kwana, ku bi da safe," ya ce. Ya sake duban saman. "Sai dai in wannan ya zuba, kwarin zai cika, mota ba ta ratsa shi sai ya janye. Shi kuma wannan bawan Allah..." Bai ƙarasa ba.

Na zagaya baya. "Matar yaya, mi kika gani?"

"Man da ka zuba, yana riƙewa?"

"Ban sani ba. Ina zato."

Ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaura a wuyan hannun mijinta, ta ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen mota. "Mu tahi," ta ce.

Baffa ya dafa motar ya yi addu'a, muka shafa.

Tun kafin mu sauka kwarin allura ta fara sunkuyawa. Na sa mota a giya ta ƙasa, don yashin ba ya son gudu, kuma in ka tsaya a cikinsa ka tsaya ke nan. Inji na kuka, zafi na tasowa ta ƙarƙashin ƙafafuna. Na hango gawon.

Wannan karon ba saniya ɗaya ba ce. Shanu ne farare, ban san yawansu ba, kwance dama da hagu a bakin hanya, sun bar mini daidai faɗin mota. Ba mai tuƙa, ba mai kaɗa wutsiya. Duk sun juyo da kai suna kallona. Ita kuwa tana tsaye a bakin inuwa, ƙwarya a hannu biyu, a buɗe.

Sai na ji duka a bayan kaina, a jikin ƙarfen da ya raba ni da baya. Dum, dum, dum. Tankari ne, mutumin da ba ya iya ɗaga kansa daga matashi.

"Gado, tsaya! Ƙishirwa nika ji! Tsaya, don Allah, don uwarmu!"

Tun da nake ban taɓa ƙin maganar wana ba, shi ya rene ni bayan rasuwar babanmu. Ƙafata ta ɗaga daga totur da kanta. Mota ta yi nauyi, ta fara nutsewa.

"Gado!" Dije ce, rabon da ta kira sunana tun tana amarya. "In ka tsaya ban yahe maka ba har lahira!"

Na danna ƙafa. Na dubi agogo. A daidai nan talatin ya kwanta wancan karon. Allura ta sauko, ta sauko, ta tsaya saura kamar faɗin farce, tana karkarwa. Sai wani ƙauri ya cika motar, ba na mai ba, ba na roba ba. Ƙaurin madara ne in ta tafasa ta zube a wuta. Inji ya yi tari sau ɗaya, ya sake yi. Na ji bakina yana karanta duk abin da na iya, wani ma ba a wurinsa ba.

Muka zo daidai ita. Na yi niyyar kada in duba, na duba. Ba ni take kallo ba, ba ma bayan motar ba. Gaban motar take kallo, wurin inji, kai a karkace, kamar macen da ke jiran tukunya ta tafasa. Tana kusa har da ta miƙo hannu da ta taɓa ƙofa.

Allura ba ta kwanta ba. Tayoyi suka yi ta haƙa suna kamawa, suna haƙa suna kamawa, har na ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashinmu. Dukan da ake yi a baya ya tsaya. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a gilashi, ƙato, sannan sama ta buɗe.

Ban tsaya ba sai cikin Tibiri, a ƙofar wata rumfa. Na daɗe riƙe da ƙofar mota ban fita ba, don shirun da ke bayan ya yi yawa. Da na zagaya na tarar da Dije kwance a kan ƙirjinsa, ta rungume shi da ƙarfen motar gaba ɗaya, ɗankwalin ya yanke masa fata. Idonsa a rufe. Ruwan sama na zuba ta ɓarakar tabarma a kan fuskarsa. Sai na ga harshensa ya fito yana lasar leɓe.

"Dije," ya ce, da ƙyar ake ji. "Ba ni ruwa."

Ta tara hannu a bakin rumfa ta ba shi. Ya sha, ya nemi ƙari. Nan ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga Dogon Dutsi.

Sauran kun sani. Tankari yana gida, jiya har ya taka zuwa masallaci da sanda. Ya ce bai tuna komai ba tun daga Argungu, mu kuma ba mu tuna masa ba.

Da na huta na kai motar garaj, don bayan irin wannan wahala dole a sake mai. Na ba Baba Sumana labarin hamsin kawai, ban ba shi na gawo ba. Ya ce na yi daidai, amma da sanyi ya shigo in koma arba'in, in ba haka ba zan kashe ta da hannuna. Ya tura kasko ƙarƙashi, ya kwanta, ya kwance ƙusa.

Na ji mai ya fara zuba. Na sunkuya.

Abin da ke zuba cikin kaskon ba baƙi ba ne. Fari ne, mai kauri, kamar kindirmo.

Ya fito yana goge hannu. "Kada ka tsorata, na sha ganin haka. Akwai wani faifan ƙarfe a kan inji da ke raba ruwa da mai. In zafi ya ƙone shi, ruwan sanyaya inji ya shiga cikin mai, sai su kaɗu su yi fari. Za ka ga tankin ruwanka ya ragu."

Ya buɗe murfin tankin ruwa. Cike yake har wuya, yadda na cika shi a Argungu. Ya kira ni muka kwance kan injin tare, muka ciro faifan, ya ɗaga shi a rana yana juyawa. Ko tsaga babu.

Ya ajiye shi a hankali. Ya durƙusa gaban kaskon, ya miƙa yatsa zai murza kamar yadda ya saba, sai ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Ruwa ne," ya ce. "Ta wani wuri ya shiga, zan gano shi."

Na sunkuya zan ɗauki kaskon in juye a ramin bayan garaj, inda muke zubar da tsohon mai. Ya riƙe mini hannu.

"Ba a gidana ba, Gado. Da iyali nake kwana a nan."